Sallamar da Ta Zo da Ruwa

Ba zan rantse cewa duk abin da zan faɗa haka ya faru daki-daki ba. Na maimaita wa kaina labarin nan sau da yawa, har na daina bambance abin da na gani da abin da na cike daga baya. Wayar da ta riƙe yawancin maganganun ma ta lalace, saƙo ɗaya kawai na tsira da shi. Inda na yi shakka zan ce na yi shakka.

Bayan na gama bautar ƙasa na dawo gida Kazaure, aiki bai samu ba. Kasuwanci na karanta, kuma a lokacin ina jin kunyar zama haka nan, don haka na roƙi Yaya ta bar ni in taimaka mata. Yaya ita ce babbar 'yar gidanmu, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana aure a wata unguwa da ke gindin dutse, tana sayar da atamfa da leshi da turaren wuta daga ɗakinta, wani lokaci da tsarabar Makka idan alhazai sun dawo. Ni na buɗe mata shafi a kafar sada zumunta. Ina ɗaukar hoton kaya a jikin farin bangon tsakar gidanta, in sa, in rubuta farashi da lambar waya. A hankali mata suka fara turo saƙo daga Roni da Gwiwa da Achilafiya, har da Babura. Wadda ta zaɓa mu ɗaure mata, in kai tasha in ba direba, ya sauke mata a garinsu.

A makaranta an koya mana cewa mai saye idan ya jira amsa ya gaji, wani shagon zai tafi. Saboda haka na saita wayar yadda duk wanda ya turo saƙo, nan take za a mayar masa da rubutu: wa alaikumus salam, mun gode, za mu amsa ba da jimawa ba. Na nuna wa Yaya ina jin na yi abin kirki. Ta duba, ta sake dubawa, ta tambaye ni wa ya amsa sallamar. Na ce wayar ce. Ta ce wayar tana da rai ne?

Na yi mata bayanin da na iya. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ita a saninta sallama sallama ce, ko a zaure aka yi ta ko a cikin waya. Wanda ya yi maka ita ya roƙa maka aminci ne da bakinsa, kuma da baki ake mayar masa. Ta ƙara da cewa rabin matan nan ba su iya karatun boko ba, rubutun nawa zane ne kawai a wurinsu.

"Ke 'yar boko," in ji ta, "in baƙuwa ta yi sallama a ƙofar gida, allo za ki rataya mata?"

Na cire saitin. Daga ranar, kowace safiya bayan ta sallami yara makaranta, Yaya takan zauna a tabarma da wayar, ta bi saƙonni ɗaya bayan ɗaya tana amsawa da murya. Har matar wani ma'aikaci, 'yar kudu ce Kirista, da takan turo sallama da karyayyiyar Hausarta, sai ta amsa mata cikakkiya kafin a zo maganar leshi. Ni ina gefe ina ganin lokaci yana tafiya.

A cikin waɗannan muryoyin muka san Iya. Tsohuwa ce a wani ƙauye gaba da Babura, dab da iyaka, tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ɗanta ne ya saya mata wayar, wata maƙwabciyarta da ta taɓa sayen atamfa a wurinmu ta sa mata lambarmu, ta koya mata abu ɗaya: danna nan, ki yi magana, ki saki. Kullum da safe sai sallamarta ta shigo, ana jin kaji a bayanta. Takan kira Yaya uwar ɗakina. Ba ta tambayar farashin komai. Na taɓa ce wa Yaya tsohuwar nan data kawai take cinye mana, ta yi dariya ta ce ai ita ce kaɗai mai zuwa ba don kaya ba.

Ashe da kayan da take so. Ina zaune ranar da dogon saƙonta ya zo, muka saurara tare. Ta ce likkafani take nema. Ta taɓa sayen farin yadi ta ajiye a ƙasan akwatinta, ɗanta ya gani, idanunsa suka yi ja, ya ɗauke ya ce tana kiran mutuwa da hannunta. Ita kuma so take a naɗe ta da abin da guminta ya saya, kuma ta ji labari Yaya tana samun ruwan zamzam. Tana so a jiƙa yadin da shi, a ajiye mata a Kazaure, nesa da idon ɗanta. Kuɗin za ta ba direba ya kawo. Sai ta zo kan yadda za mu san lokaci ya yi.

"Ba na fashin sallama, kin sani. Ranar da gari ya waye har hantsi ba ki ji ni ba, to ki aiko da shi."

Na jero wa Yaya duk abin da zai iya faruwa: sabis ya ɗauke, caji ya ƙare, data ta ƙare, wayar ta faɗa ruwa. Ga nisa, ga shi ba a jinkirta gawa. Na ce a tsarin ciniki ba a karɓar odar da ba ta da rana, kuma shiru ba saƙo ba ne. Ina ganin duk abin da na faɗa gaskiya ne, har yau. Yaya tana gyaɗa kai kamar ta yarda, sai ta danna wayar ta kai bakinta.

"Na ɗauka, Iya."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Da kuɗin ya iso ta yanki yadin, ta zuba zamzam a sabuwar roba ta tsoma shi, ta shanya a cikin ɗaki don kada maƙwabta su tambaya. Ya bushe, ta ninke, ta sa a leda, ta ɗora a saman durowar kayanta.

Shekara ba ta zagayo ba Yaya ta rasu. Zazzaɓi ne ya fara mata kamar wasa, aka kai ta asibiti, ba ta dawo ba. Ba na son tsayawa a nan, amma akwai abu ɗaya da ya shafi labarin. Lokacin da ake shirin yi mata wanka, mijinta ya aika kasuwa a sayo yadi, aka ɗan jima ba a dawo ba. Gwaggonmu tana neman turare a ɗakin sai hannunta ya kai saman durowa, ta sauko da ledar, ta buɗe, ta ce ai ga farin yadi nan Allah ya kawo. Ban san lokacin da na riƙe hannunta ba. Na ce na wata ne. Ta dube ni da wani irin kallo, ta tambaye ni wace wata ce ta fi mai ɗakin. Na sake cewa na wata ne, Gwaggo, an riga an saya. Ta saki. Aka naɗe Yaya da yadin kasuwa, mai zamzam yana sama da kanta a cikin leda. Na sha tambayar kaina ko haka ita ma za ta yi, kuma yawancin ranaku ina ganin haka za ta yi.

Kwanakin zaman makoki wayar a kashe take. Da na kunna, na tarar da sallamar Iya a jere, kowace safiya da tata, babu wadda aka amsa. A ta ƙarshe tana tsokana, ba ta san komai ba: uwar ɗakina shiru, ko ke ce za a kai wa kayan? Na daɗe riƙe da wayar kafin na iya danna ta na gaya mata.

Amsarta ta zo da tsawo, amma yawancinta shiru ne, sai kaji da wani turmi can nesa. Ta yi addu'a, ta ambaci Yaya da alheri, ta ce in gaishe da mahaifiyarmu. Sannan ta ce:

"To, wa ya gaji alkawarin?"

Na ce ni ce, Iya.

Mijin Yaya ya yarda na kwashe kayan zuwa gidanmu in ci gaba da cinikin saboda yaran. Ledar ta koma saman durowata. Washegari sallamar Iya ta shigo, ta ce uwar ɗakina an tashi lafiya. Mutane sun sha cewa muryata da ta Yaya kusan ɗaya ce, musamman a waya. Ban taɓa sanin ko Iya mantawa take yi, ko kuwa sunan ta ɗauka ta ɗora mini tare da alkawarin ba. Idan na sake sauraron amsar da na tura mata, wani lokaci nakan ji kamar ba ni ce na yi magana ba, har yadda Yaya take jan ƙarshen "lafiya lau" sai in ji shi a bakina. Mahaifiyarmu ta taɓa jiyo ni daga tsakar gida, ta tashi ta shige ɗaki.

Da damina ta yi nisa, wata safiya aka tashi da ruwa, sallama ba ta zo ba. Na amsa wa sauran mata, ina komawa wurinta ina dubawa. Hantsi ya yi. Na kira layin, aka ce ba a samunsa. Na ce wa kaina ruwa ne, sabis ne, duk abubuwan da na taɓa jero wa Yaya. Amma ita ba ta ce in sabis ya ɗauke a jira ba. Na sa ledar a jakata, na yafa mayafi, na shiga bas ɗin Babura. Daga can na hau acaba, ina tambayar gidan mai ƙuli da ke kusa da tsamiya, kamar yadda ta taɓa kwatanta wa Yaya.

Na same ta a rumfa tana tsame ƙuli daga mai. Ƙaramar mace ce, ta fi muryarta ƙanƙanta. Daga sallamata ta gane ni. Ta dubi fuskata, ta dubi jakar da na rungume, ta fashe da dariya har tana tari.

"Uwar ɗakina, da kayan aikinki kika zo? Ki bari in kwashe wannan kaskon tukuna, kada ya ƙone a ce gawa ta yi ɓarna."

Kunya ta hana ni ɗaga kai. Ta rantse mini ta yi sallama da safen nan, ta danna, ta yi magana, ta saki, wayar ce ta haɗiye. Ta ce dama wayar tata 'yar yawo ce, in hadari ya taso sai ta tsallaka Nijar ta bar ta, ko sefa ɗaya ba ta kawo mata tsaraba. Ta miƙo mini in gani. Ina tsammanin na ga wata 'yar jar alama a gefen saƙon, irin wadda ke nuna bai tafi ba, amma ban tabbata ba, domin a daidai lokacin ɗanta ya yi sallama ya shigo, ta karɓe wayar ta ce masa mai sayen mai ce daga Kazaure.

Da ya fita ta ja ni ɗaki ta saki labule. Ta ce tunda yadin ya zo bari su gaisa. Ta buɗe ledar, ta shafa yadin da bayan hannunta don tafin akwai maiƙo, ta kai shi fuskarta ta shaƙa, ta daɗe a haka. Sannan ta ninke shi yadda ta same shi ta mayar mini. Na roƙe ta ta ba ni lambar ɗanta ko ta maƙwabciya, don in riƙa tabbatarwa kafin in taso. Ta ƙi. Ta ce in na kira su me zan ce ina tambaya? Ta ce yadda na yi yau ya yi mata, yanzu ta san in ta yi shiru akwai mai ji. Ta cika mini leda da ƙuli, na koma Kazaure da likkafani a gefe ɗaya na jakar, ƙuli a ɗaya gefen.

Bayan wannan ban ƙara samun safiya mai sauƙi ba. Cinikin ya ci gaba, shafin ya ƙara mutane, har wasu ƙawayena da muka yi karatu tare suna tambayata dabarar da nake bi har mata ba sa barina su koma wani wuri. Ina amsa kowace sallama da murya, in na ce kaya zai isa Gwiwa ranar kasuwa ina tsayawa a tasha har motar ta tashi. Amma gaskiyar ita ce duk safiya saƙo ɗaya nake jira, sai ya shigo nake iya karyawa.

Ranar da nake son faɗa a bazara ce, ana tsananin zafi, ruwan farko bai sauka a Kazaure ba. Sallamar ta ɗan makara, amma ta zo kafin hantsi. Ba ta da wani bambanci da na kullum: salamu alaikum uwar ɗakina, an tashi lafiya, ni ma na tashi. Ina ɗaure kayan wata amarya da za a kai Roni, direba yana ta kirana, na saurara da wayar a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Na amsa mata cikakkiya, na ce Allah ya ba da sa'ar kasuwa, na fita.

Washegari shiru. Wannan karon ban jira hantsi ya gama yi ba. Tun daga kan acaba na hango maza a kan tabarmi a gindin tsamiyar. An binne ta jiya, kafin azahar.

A cikin gida na zauna da mata na yi gaisuwa, jakar tana kan cinyata. Na tambaya a hankali yaushe ta cika. Wata ta ce tun kafin asuba, domin da aka taɓa ta jikin ya riga ya yi sanyi. Wata ta ce a'a, ta ji motsin butarta, ta yi sallar asuba ta koma ta kwanta ne. Suka ɗan yi musu, wata dattijuwa ta ce su bari. Na tambayi wayarta. Surukarta ta ce da safen jiya hannu da yawa ya taɓa ta, ana neman lambobin dangi a sanar da su, kowa yana danne-danne.

Ban san ko sirri yana ƙarewa da mutuwar mai shi ba. Na yi ta juya abin, daga ƙarshe na sa aka kira mini ɗanta zaure, na gaya masa ni ba mai sayen mai ba ce, na buɗe jakar. Ya daɗe yana kallon ledar bai taɓa ta ba. Ya ce wanda ya ƙwace mata tun shekarun baya bai bayar ba, bai yar ba, yana cikin akwatinsa, da shi aka naɗe ta. Na ce wannan an jiƙa shi da zamzam, shi take so. Ya ce bai sani ba. Ya share fuskarsa da hularsa, ya ce in riƙe, Allah zai kawo mai shi.

A bas, a hanyar dawowa, na sa abin kunne na sake sauraron sallamar jiya, don kawai in ji muryarta. A nan na ji abin da ke bayan muryar. Babu kaji. Ruwa ne yake dukan rufin kwano, mai ƙarfi, har tana ɗaga murya don ta rinjaye shi. Na duba ta taga, gonaki a bushe, ko gajimare babu.

Na kai wa wani mai gyaran waya ya saurara. Ya ce yana yiwuwa tsohon saƙo ne da ya maƙale, wani ya taɓa shi cikin danne-danne ya tafi. Wani kuma da ke zaune a shagon ya ce saƙo ba ya yin watanni a maƙale, da tuni ya tafi ko ya ɓace. Na tambayi direbobin Babura a tasha ko an yi ruwa a wajen iyaka a makon. Ɗaya ya ce ya ji an ce an yi a wasu ƙauyuka, ɗaya ya ce ko ɗigo. Idan an yi ruwan, to da ranta ta yi mini sallama da safen ranar, kuma babu yadda zan san za ta rasu. Idan ba a yi ba, sallamar damina ce, wadda ta rantse ta yi, ta iso a ranar da shirunta ya kamata ya iso, ni kuma na amsa wa wadda ake yi wa wanka. Da na ji ruwan a lokacin, wataƙila da na taso, wataƙila da na riske su kafin azahar. Wataƙila kuma da ban riske su ba.

Na tambayi wani malami hukuncin yadin. Ya ce tunda magajinta ya sallama, in bayar ga duk mai bukata, ladan zai je mata. Na yarda da maganarsa. An yi rasuwa a unguwarmu ba sau ɗaya ba tun daga lokacin, kuma kowane karo nakan shiga ɗaki da niyya, in ɗaga kai in dubi saman durowa, sai in ji bakina yana shirin cewa na wata ne. Har yanzu yana nan. Ina fata in iya, ban dai iya ba tukuna.

Shafin yana aiki. Duk saƙon murya da ya shigo yanzu sau biyu nake saurarensa, na farko don abin da aka ce, na biyu don abin da ke bayansa. Yana cin lokaci, wasu matan har tsokanata suke yi cewa na cika jinkirin amsa.

Ban ambaci sunan kowa ba, amma waɗanda suka san gidan mai ƙuli na kusa da tsamiya za su gane. Idan akwai wadda ta zauna a makokin nan, ko direban da ya bi hanyar a ranar, ko wanda ya riƙe wayar da safen, kuma ya ga na kauce a wani wuri, ina roƙo ya turo mini gyara ta shafin, da rubutu ko da murya, zan amsa. Abin da na fi son sani shi ne ko an yi ruwa a ƙauyen da safiyar da Iya ta rasu.